Ba Jita Ba, Ba Garaya Ba

Ranar Laraba, ruwa ya ɗauke da la'asar,
Baba Cindo ya shigo rumfata a Ikeja
da wani abu cikin buhun shinkafa,
ya rungume shi kamar mai kai jinjiri asibiti.
Na ce, Baba, ni waya nake gyarawa.
Ya ce, wannan ma wayoyi gare ta, duba.

Na duba.
Cikinta ƙwarya, an shimfiɗa mata fatar akuya,
wuyanta na jita ne, a bolar Mushin ya tsinto shi.
Tsirkiya shida: huɗu na kanti,
biyu wayar birkin keke.
Shida, daidai da yatsun hannunsa na hagu,
har da ɗan ƙaramin da ya jawo masa suna,
wanda shekara sittin yana zaman banza.

Murya yake so a ƙara mata.
Agege ta cika ƙara, in ji shi:
ga jirgin ƙasa, ga janareta,
ga yaran mota suna kiran Oshodi kamar za su tsage.
Garaya ba ta ƙetare titi a garin nan.

Na ciro maganaɗisu daga matacciyar lasifika,
na naɗe shi da jar waya siririya kamar gashi,
na ɗiga dalma, hayaƙi ya cika mini ido.
Da zan huda ƙwaryar sai ya kau da kai,
kamar uba ranar kaciyar ɗansa.
Laimar Legas ta sa fatar ta saki jiki,
na gasa ta da abin hura zafi
da nake ɓamɓare gilashin waya.

Sai ga Bamidele, maƙwabcin rumfata,
mai kaɗa jita a coci ran Lahadi,
ya zo da manhajar saita sauti.
Allura ce a kan allo:
kore in an dace, ja in an kauce.
Ta ɗaya kore. Ta biyu kore. Har ta huɗu.
Ta biyar ja.
Ta shida ja wur.

Ƙara ɗaure ta, Baba.
Baba ya dafe maɗaurin da tafinsa.
Wannan amon a hannun kakana na gaje shi,
da shi ake tashin maharba da asuba.
Wayarka ta taɓa kwana a daji?

Allurar ta yi ta rawa tsakanin sauti biyu,
ta rasa masauki,
kamar gidajen Makoko:
ba su kan tudu, ba su kuma zama jirgi ba.

Bamidele ya yi dariya, ya bar gardama,
ya danna wani wuri a ɓoye.
Baba ya kaɗa zagaye guda ya tsaya,
amma kiɗan bai tsaya ba.
Ya fito daga lasifika, ya koma, ya sake fitowa.

Wane ne wannan?
Kai ne, Baba.
Ya karkata kunne.
Ya iya, ya ce, sai dai yana da gaggawa.

Sannan ya amsa masa.
Tun da aka binne ƙanensa Mantau
bai samu mai karɓa masa kiɗa ba.
Mai gasa masara ta bar masara ta ƙone,
wani ɗan sanda ya manta abin da ya kawo shi,
ƙaramin yatsan nan kuwa
ya miƙe ya taɓa tsirkiya ta shida.

Aka ɗauke wuta.
Lasifika ta yi shiru, ƙwarya ta ci gaba
a hankali, da muryarta ta gida.

Dubu uku na ce, ya ba ni biyu da goro.
Ya mayar da ita buhu, ya bi layin mota.
Bamidele ya turo mini abin da ya ɗauka,
daƙiƙa goma sha ɗaya ne kacal.
Jiya da dare na kunna wa manhajar,
ko ta sake shawara.
Har yanzu ja take nunawa.